Murya Ɗaya Tak

Kafin wayar ta yi ƙara sai an rufe taga, an toshe ƙasan ƙofa da tsumma, an kashe fanka komai zafi. Amarya ke yin wannan hidima duk ranar Laraba bayan azahar, sannan ta koma bakin gado ta zauna, ta harɗe hannuwa a cinya, ta kulle bakinta. Uwar mijinta, wadda duk layin ke kira Inna, ita ke zama a tsakiyar tabarma da wayar a gabanta, tana gyara ɗaurin ɗankwali kamar ɗan nata zai gan ta.

Wayar ta yi ƙara. Muryar na'ura ta fara, muryar mace mai sanyi wadda ba ta taɓa yin mura ba: wannan kira ne daga gidan yari, ana naɗar duk abin da aka faɗa, kuma muryar da aka yi wa rajista ce kaɗai aka yarda ta amsa. Inna ta danna ɗaya, ta buɗe lasifika saboda nauyin kunnenta.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau, Direba. Ka ci wani abu kuwa?"

"Na ci. Ina Kwandastana?"

"Wa, angon nawa? Rabu da shi! Wannan miji ne? Ko kuɗin cefane bai taɓa ba ni ba, sai ɓarna. Jiya ya fizge mini carbi ya tsinka, muka wuni ni da uwarsa muna rarrafe a ƙarƙashin gado."

Dariyar Direba ta cika ɗakin, irin dariyar nan da ke ƙarewa da tari.

"Ya iya tafiya ke nan?"

"Tafiya? Gudu yake, kamar wanda ake bi bashi. Halinka sak, ba ya taka birki."

Inna ta ciji leɓe. Birki ba ya cikin kalmomin da ake furtawa a gidan. Birki ne ya tsinke wa Direba a gangare da mota cike da fasinja, mai motar ya ɓace, kotu ta riƙe wanda ta samu a hannu. Amma Direba ya bar maganar ta wuce, ya nemi ƙarin labarin ɗansa.

Amarya ta kafa wa bango ido. Yaron da ake cewa yana gudu bai kai ga tsayuwa ba. Tun a daminar da ta wuce zazzaɓi ya kama shi, cikin 'yan kwanaki ta dawo daga asibiti da zanen goyo a ninke a hannu. Tun daga ranar yake girma a bakin kakarsa. A can ya yi haƙora, a can ya yi rarrafe, a can ya fara cewa baba. Uwarsa kuwa tana zaune tana jin yadda ɗanta ke girma, ba ta da ikon ko jan majina, don idan na'ura ta ji wata murya daban sai ta katse kiran, a toshe lambar rabin shekara.

Yadda aka yi muryar Inna ta zama ita ce muryar gidan ba wani makirci ba ne. Makon da kamfanin wayar ya zo yin rajista, Amarya tana asibiti tana naƙuda. Aka ce fursuna ɗaya, lamba ɗaya, murya ɗaya. Inna ta je, aka sa ta maimaita wasu jimloli a gaban na'ura, shi ke nan. Bayan haka aka mayar da Direba wani gidan yari mai nisa, inda aka soke ziyara aka ce waya ta maye gurbinta, wai don a sauƙaƙa wa iyalai wahalar tafiya. Bai taɓa ganin ɗan ba. Sunan wasa kawai ya raɗa masa ta waya.

Kuɗin kiran kuwa daga hannun Amarya suke fitowa. Tana aiki a shagon wanki da guga, tana tsaye a kan dutsen guga daga safe har yamma, tururi na dafa mata fuska. Ranar Litinin takan bi ta rumfar wani mutum da ake kira Mai Kati, wanda ke da 'yar na'urar zuba kuɗi a asusun fursunoni. Shi ya cire nasa, kamfani ya cire nasa, a cire wani abu wai kuɗin zuba kuɗi, abin da ya rage ya zama mintuna.

"Amaryar Laraba!" in ji Mai Kati duk sanda ya hango ta. "Kin zo biya wa surukarki kuɗin hira? Ke ce mai hura wuta, wata ke shan ɗumi."

"Kai dai zuba, ka ba ni takardata. Wancan makon sai da aka zaftare kusan rabi."

"Ni na zaftare? Kuɗin ma sai ya biya kuɗin mota kafin ya isa kurkuku. Hanya ce mai nisa, baiwar Allah."

Ba kuɗin ne ke cin ta ba. Abin da ke cin ta shi ne mijinta yana kwana yana tashi yana yi wa yaro addu'ar girma, alhali addu'ar da ta kamace shi daban ce. Ta ɗauki gawar ita kaɗai, tana ɗauke da ita har yanzu ita kaɗai, mutumin da ya kamata ya kama mata ɗaya gefen yana can yana dariyar carbin da ba a tsinka ba. Tana so ya sani, kuma daga bakinta.

Wata safiya ta roƙi mai shagon ya ba ta rabin wuni, ta hau mota zuwa ofishin kamfanin. Ɗaki ne mai kujerun ƙarfe, cike da mata da tsofaffi, kowa riƙe da 'yar takardar shaidar biya. Da layi ya zo kanta, ta sunkuya a gaban tagar gilashi mai 'yan huji, inda wata ma'aikaciya ke danne-danne ba ta ɗaga kai ba.

"Ina so a ƙara muryata a kan ta uwar mijina."

"Babu gurbin biyu. Sai dai a sauya."

"To a sauya."

"Mai tsohuwar muryar za ta zo da kanta ta ce ta yarda. A rufe asusun, abin da ke ciki ya tafi. Sai ki jira a tantance ki."

"Har yaushe?"

"Wasu wata uku, wasu fiye. Ba kira a tsakani."

"Ni ce fa matarsa."

Sai a lokacin ma'aikaciyar ta ɗago. Ba muguwa ba ce, gajiya ce kawai a fuskarta.

"Yaya, na'ura ba ta san aure ba. Na gaba."

Da yamma, suna tsakar gida, Inna na tsince shinkafa a faranti, Amarya ta durƙusa kusa da ita ta faɗi abin da ke ranta. Ba ta taɓa ɗaga wa tsohuwar murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba.

"Inna, a gaya masa. Ko ke ki faɗa, ko ki bar mini layin in faɗa."

Hannun Inna ya tsaya a cikin farantin.

"Kin san ɗan mai itacen nan na bayan layi? Yana kurkuku aka aika masa matarsa ta rasu. Da mazagin wandonsa aka same shi da safe. Na ciki ba a kai masa mugun labari, 'yar nan. Ba shi da inda zai ajiye shi. Mu muna da tsakar gida, muna da maƙwabta, shi bango huɗu gare shi."

"Ɗansa ne, Inna. Ko addu'a ce ya yi masa."

"Ni na haife shi, na san abin da zuciyarsa za ta ɗauka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Ni ma na haifa, Inna."

Masu karin maganar da Inna ta kawo sun faɗi abin da babba ke hangowa, ba su dai faɗi abin da yake yi ba idan abin ya tsorata shi: runtse ido yake, ya ce kowa ma ya runtse.

Can Inna ta ture farantin. Muryarta ta sauka.

"Duk mako ina zama in yi tunanin da yana nan me zai yi. Ina leƙen ɗan gidan can, sa'ansa ne, in ga abin da ya koya. Ranar Laraba in faɗa wa ubansa, ya yi dariya, ni ma in yi. Wallahi a wannan ɗan lokacin jin sa nake a bayan ƙofa. Ki bar mini Larabar nan, Amarya. Ba ni da wani abu."

Amarya ta tashi ta ɗora tukunya. An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma a gidan nan an mai da shi magani, ana ba mutum cokali ɗaya duk mako, kuma ita ke sayowa.

Larabar da ta biyo, bayan gaisuwa, Direba bai bari Inna ta fara labari ba.

"Inna, akwai wani a ɗakinmu, ya ce numfashi ba murya ba ne, na'ura ba ta kama shi. Haka yake jin 'yarsa. A kanga wa Kwandasta wayar a baki in ji shi."

Inna ta dubi Amarya, idanunta sun fito.

"Ai barci yake, Direba."

"Ya ma fi. Ba zai yi magana ba ke nan. Don Allah, Inna. Ban taɓa roƙonki komai ba tun da na shigo nan."

Tsohuwar ta ce, "To, bari uwarsa ta kai masa ƙurya." Ta miƙa wa Amarya wayar da hannu biyu, ta nuna mata bakinta, ta ja ɗan gajeren numfashi ta saki don ta gwada mata yadda za ta yi. A fuskarta babu umarni, roƙo ne tsagwaronsa.

Amarya ta shiga ƙuryar ɗaki ta saki labule. Ta kashe lasifika, ta zauna a ƙasa ta jingina da gado. Rabon da ta riƙe mijinta kusa da kunne haka tun tana da ciki. Kalmomin suna nan a kan harshenta, ta daɗe da jera su. Idan ta furta, layin zai mutu kafin ta kai ƙarshe, a bar shi da rabin magana da bango huɗu har rabin shekara, a bar tsohuwa da wayar da ba ta ƙara. Ta kai wayar bakinta, ta fara jan numfashi ƙanana-ƙanana, da sauri, yadda take tuna na yaron a ƙirjinta.

Ya saurara. Tana jin hayaniyar maza a bayansa, da ƙarar ƙofar ƙarfe can nesa.

"Amarya," in ji shi a hankali. "Kar ki yi magana."

Numfashin ya sarƙe mata.

"Na kwana kusa da wannan numfashin, ba zai ɓace mini ba. Ki saurare ni. Wata nawa Inna na ba ni labari, ban taɓa jin tarinsa ba, ban taɓa jin ya jefar da cokali ba. Gidan da ke da yaro mai gudu ba ya yin shiru haka, ko an toshe ƙofa. Zan tambaye ki. Idan e ne, ki hura iska a wayar sau ɗaya. Idan a'a ne, ki ƙyale."

Ta matse wayar da hannu biyu.

"Yana nan lafiya?"

Ta rufe bakinta da hancinta da gefen mayafi.

"Ba shi da lafiya ne? Yana asibiti?"

Ba ta motsa ba. Shirun ya yi tsawo, shirun da ta biya da guga, mintuna suna zuba a cikinsa. Sai ta ji ya fara salati, muryar tana karyewa a tsakiya, ya sake ɗauka daga farko.

"Ya daɗe?"

Ta janye mayafin, ta hura sau ɗaya.

"Ya sha wahala?"

Nan ta tsaya. Ya sha, ita ta gani. Ta bar wayar shiru.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ke kaɗai kika..."

Muryar mai sanyi ta shigo tsakaninsu ta ce kuɗin asusun ya ƙare, ana godiya da amfani da wannan hanya.

Da ta fito, Inna na tsaye a bakin labule.

"Ya ji? Ya yi murna?"

"Ya ji, Inna."

Ranar Litinin ta kai wa Mai Kati kuɗi kamar kullum, har da ƙari, don kiran ya yi tsawo. Na'urarsa ta yi ta juyi, ta fitar da takarda. Laraba ta zo, aka rufe taga, aka toshe ƙofa. Wayar ba ta yi ƙara ba. Suka zauna cikin zafi har inuwa ta juya, Inna na ɗaga wayar tana dubawa ko caji ne ya ƙare.

Washegari Amarya ta koma rumfar.

"Ni na tura, ga shaida," in ji Mai Kati, wannan karon ba wasa. "Daga wurina ya fita, wurinsu bai shiga ba. Yana hanya. Kira lambar da ke bayan takardar."

Ta kira a tsaye a bayan shagon wanki. Kiɗa ya yi ta yi mata a kunne, wata murya na cewa kiranta na da muhimmanci, har katinta ya ƙare. Ta sake saye ta sake kira. Wanda ya ɗauka daga ƙarshe ya ce a jira kwanakin aiki, kuma ba a zuba sabon kuɗi a kan wanda ya maƙale. Ta ce ba kuɗin take nema ba, so take a gaya mata ko mijinta na nan da rai. Ya ce wannan aikin gidan yari ne. Ta nemo lambar gidan yari, aka ce duk wata hulɗa da iyali ta kamfani take bi. Wanda ya ce haƙuri maganin zaman duniya bai taɓa riƙe waya yana jin kiɗa ba.

Laraba ta biyu ma ta wuce shiru. Amarya ta ƙona wuyan rigar wani mutum, mai shagon ya yi faɗa, ba ta ji rabin abin da ya ce ba. Duk wandon da ta ɗauka za ta goge, sai hannunta ya tsaya a kan mazagin. Ta so ya sani, ga shi ya sani. Yanzu yana can da abin da ta ɗora masa, ba shi da ko wanda zai ce masa sannu. Inna kuwa ba ta zargi komai ba, kamfani take tsine wa, tana cewa labarai sun taru mata har ta fara mantawa.

A Laraba ta uku ne saƙo ya shigo da safe cewa kuɗin sun shiga, an cire ladan jinkiri. Bayan azahar Amarya ta rufe taga. Ta zauna a bakin gado. Wayar ta yi ƙara.

Muryar na'ura ta karanto dokokinta, ba ta rage ko harafi ba. Inna ta danna ɗaya.

"Inna, ina wuni?"

Muryar ta dishe kamar ta wanda ya daɗe bai yi amfani da ita ba, amma tasa ce. Amarya ta dafe bakinta da hannu biyu, ta sunkuya har goshinta ya taɓa gwiwa.

"Direba! Ka ba mu tsoro. Mutanen nan Allah ya isa tsakaninmu da su. Mura kake yi ne?"

"'Yar kaɗan. Amarya na kusa?"

"Ga ta nan zaune."

"Ki ce mata sannu."

"Sannu da me?"

"Da hidima. Ki ce na ce sannu, sannu ƙwarai."

"Ta ji ka, ai a buɗe take."

Amarya ta ɗago, tana jiran abin da zai biyo baya, tana kallon fuskar tsohuwar da ba ta san me ke tafe ba. Ta ji ya ja dogon numfashi.

"To, Inna, ina angon naki? Wace ɓarnar ya yi kwanan nan?"

Fuskar Inna ta washe. Ta gyara zama, ta matso da wayar.

"Ai bar ni da ja'irin nan! Shekaranjiya takalmin uwarsa ya ɗauka ya tsoma a bokitin wanki, da na yi magana ya murguɗa mini baki. Ni zai murguɗa wa baki? Na ce sakin aure zan nema, in samo mai hankali."

Ta dakata inda ya saba yin dariya. Dariyar ba ta zo ba.

"Ci gaba, Inna," in ji shi. "Ina jin ki."

Ta ci gaba. Tana magana tana ɗaga tafin hannunta sama da tabarma, tana gwada wa wayar iyakar tsayin yaron, sannan ta dubi hannun, ta ƙara ɗaga shi kaɗan.